YARAN DA BA SU IYA ZAMA WURI ƊAYA: BULALA KO ASIBITI?

A watan Janairu na shekarar 2023 ne Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Tsohuwar dokar ba ta san kowa ba sai mutumin da hankalinsa ya gushe har ya zama abin tsoro ga jama'a, abin da ta tanadar masa kuwa shi ne kamu da tsarewa. Sabuwar ta ɗauki mai larurar ƙwaƙwalwa a matsayin majinyaci mai haƙƙi, ta kuma yi tanadin kafa sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tare da asusun gudanar da aikin. To, amma yawancin maganganun da aka yi ta yi a kan dokar sun tsaya ne a kan manya da asibitocin da ake kwantar da su. Akwai wani rukuni mai yawan gaske da ba a cika tunawa da shi ba, domin ba a bakin kasuwa ake ganinsa cikin tsumma ba. A kan bencin makarantar firamare yake.

Da wuya a sami malamin da ya shekara biyar yana koyarwa bai gamu da irin wannan yaro ba. Shi ne wanda ba ya iya minti biyar a zaune ba tare da mutsu-mutsu ba, ya taɓa wannan, ya tsokani wancan, ya leƙa taga. Kafin malam ya rufe baki ya riga ya ba da amsa, sau da yawa kuma ba abin da aka tambaya ba ke nan. Yau ya ɓatar da fensir, gobe littafi, jibi takalmi. A gida in an aike shi sayo gishiri sai a tarar da shi wajen masu ƙwallo, kuɗin ma bai san inda ya yar ba. Sunayensa suna da yawa: mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi. A wasu gidajen a ce iska ce ta shafe shi, a wasu a ɗora wa uwarsa laifin sangarta shi. Likitoci kuwa suna kiran abin larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, suna taƙaita sunan da haruffan ADHD.

Ba sabon abu ba ne a ilmin likita. Tun a 1798 wani likita ɗan Sukotlan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da ba su iya tsayar da hankalinsu a kan abu guda. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan yara masu kaifin basira amma marasa iya kame kansu. Sunan da ake amfani da shi yanzu ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987, haka kuma yana cikin sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Wani babban nazari da aka buga a 2007, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin yara 5 cikin kowane 100 ne ke da larurar, a tsakanin manya kuwa ana ƙiyasta mutum 2 zuwa 3 cikin 100. Idan aka ɗauki wannan lissafi zuwa ajin da ke da yara ɗari, irin wanda ba baƙo ba ne a manyan garuruwan Arewa, ma'anarsa ita ce malami guda yana fama da wajen biyar daga cikinsu a kowace safiya, alhali kuwa Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce yara 35 ne ya kamata su kasance gaban malami ɗaya.

YADDA AKE GANE TA

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan, domin ƙiriniya halin yara ce, kuma yaron da ba ya guje-guje shi ne ma ya fi dacewa a damu da shi. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da larurar. Abin da likita ke yi shi ne tattara labarin yaron daga bakin iyaye da malamai, sa'an nan ya auna shi da wasu sharuɗɗa. Akwai alamomi tara na rashin natsuwa, kamar mantuwa, da kasa kammala aiki, da ɓatar da kaya, da saurin ɗaukewar hankali. Akwai kuma tara na yawan motsi da gaggawa, kamar kasa zama, da yawan surutu, da katse mutane, da kasa jiran layi. Sai an sami aƙalla shida daga ɗayan jerin biyu, sun ɗauki wata shida ko fiye, sun fara bayyana kafin yaro ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Yaron da ke natsuwa a gida da makarantar allo amma ya birkice a ajin malami guda, to, a duba ajin da malamin tukuna. Bayan duk wannan, dole ne a ga cewa alamomin suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane, ba wai suna ba manya haushi kawai ba.

Ba kowane mai larurar ne ke tsalle-tsalle ba. Akwai nau'in da rashin natsuwa kaɗai ya fi rinjaye, kuma a nan ne 'yan mata da yawa suke ɓacewa. Ita ce yarinyar da ke zaune shiru a bayan aji, idonta a kan allo, hankalinta yana wata duniya. Ba ta damun kowa, saboda haka ba wanda ya damu da ita. Shiririta ake kiran abin, har ranar da za a ce kanta ba ya ɗaukar karatu, a cire ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa alƙaluman asibitoci ke nuna maza sun ninka mata.

Akwai kuma abubuwan da ke kwaikwayon larurar, waɗanda a ƙasar nan sun fi yawa a kan yadda suke a Turai. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, ko mai ƙarancin jini, ko wanda ya kwana talla bai sami barci ba, ba zai natsu ba. Haka wanda kunnensa ke ruwa ba ya jin malam sosai, da wanda ba ya ganin allo. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi sororo na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, sau da yawa a rana. Ga kuma yaran da suka ga tashin hankali da idonsu a yankunan da 'yan bindiga ko Boko Haram suka tarwatsa, waɗanda firgici ya hana su sukuni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da maganinsa daban, kuma duk wanda ya yi gaggawar laƙaba musu suna ɗaya zai yi ɓarna.

Game da musabbabi, abin da ya fi ƙarfi shi ne gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa gado ne ke da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan fanni, watau kusan kamar yadda ake gadon tsawo. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a tarar uban da ke dukan yaro saboda rawar kai shi ma haka aka yi fama da shi a ƙuruciya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne ke aikin linzami: shi ke tsayar da mutum ya yi tunani kafin ya aikata, ya riƙe umurni a zuciya, ya haƙura da aikin da ba ya da daɗi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya nuna cewa a jikin masu larurar wasu sassan ƙwaƙwalwa suna makarar wajen shekara uku kafin su nuna. Dokin lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa ma ya ishe shi, linzamin ne bai kama ba.

Ban da gado, haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa suna ƙara haɗarin. Haka gubar dalma, wadda jama'ar Zamfara suka san sharrinta tun 2010, lokacin da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran da suka tsira daga wannan annoba yanzu samari ne da 'yan mata, kuma sananne ne cewa dalma tana barin tabo a ƙwaƙwalwar da ke girma. Binciken da aka yi a Uganda ya nuna irin wannan matsala ta ɗabi'a a tsakanin wasu yaran da suka warke daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Shan zaƙi kuwa, wanda iyaye da yawa ke zargi, nazarin da aka buga a 1995 bai same shi da laifi ba.

ME YA SA BULALA BA TA AIKI?

Hujjar masu duka ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu mai musun cewa yaro yana bukatar tarbiyya da iyaka. Amma ya kamata a duba yadda horo yake aiki. Ana dukan yaro yau ne domin gobe, sa'ad da ya zo aikata laifin, ya tuna da zafin ya fasa. Wannan tsayawa da tunawa kafin aikatawa kuwa ita ce ainihin abin da ya yi rauni a jikin mai larurar. Ya san dokar sarai, in aka tambaye shi zai karanto ta, kuma nadamarsa bayan laifi ta gaskiya ce. Abin da ya gagare shi shi ne amfani da sanin a daidai lokacin da ake bukatarsa. Saboda haka sai a ƙara bulala, shi kuma ya ƙara maimaitawa, har jikinsa ya saba, zuciyarsa ta bushe, ya yarda cewa shi lalatacce ne kamar yadda kowa ke faɗa masa. Daga nan sai gudun makaranta, sai tasha, sai abokan da ba su kiransa daƙiƙi.

Inda wannan hanya ke ƙarewa ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan horon kangararru a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, kafin a gano wasu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba ana cewa duk waɗannan masu larurar ba ne. Abin da al'amarin ya nuna shi ne ƙofar da iyaye ke ƙwanƙwasawa idan yaro ya gagare su, ba su kuma san da wata ba. Nazarin ƙasashen waje ya tabbatar da cewa mai larurar da aka bari ba kulawa ya fi sauran shiga haɗarin shaye-shaye da barin makaranta. A Denmak, wani bincike na 2015 ya gano cewa mutuwar wuri ta ninka a tsakaninsu, mafi yawa ta hanyar haɗurra.

Magani iri biyu ne, kuma na farkon ba ya bukatar kantin magani. Shi ne koya wa iyaye da malamai dabarun tafiyar da yaron. A ba shi umurni ɗaya a lokaci guda, ana kallon idonsa, maimakon aike uku a jere. A zaunar da shi gaban aji kusa da malam, nesa da taga. A yanyanka masa aiki ƙanana-ƙanana. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, domin ladan da za a ba shi ƙarshen zango bai da ma'ana a wurinsa. A ba shi aikin da zai motsa jiki bisa izini, kamar share allo ko raba littattafai, tun da motsin dole ne ya fita. Horo kuma ya zama gajere, sananne tun kafin laifi, ba na fushi ba. Ga yaran da ba su kai shekarun shiga firamare ba, wannan hanya ce likitocin yara na Amurka da hukumomin lafiya na Ingila suka ce a fara da ita.

Na biyu shi ne ƙwaya. Abin mamaki, magungunan da suka fi aiki masu ƙara kuzari ne, ba masu sa barci ba. Wani likita a Amurka, Charles Bradley, shi ya fara lura da haka a 1937, lokacin da ya ba wasu yara amfetamin ya ga sun natsu sun kama karatu. Wanda aka fi amfani da shi a yau shi ne metilfenidet, wanda aka haɗa a Suwizalan a 1944, aka fi saninsa da sunan Ritalin. Aikinsa shi ne ƙara yawan wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, dofamin da noradiranalin, watau ƙarfafa linzamin da aka ambata. Kimanin yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi da shi. Akwai kuma atomoksetin, wanda ba ya cikin masu ƙara kuzari, amma yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa. Babban gwajin da aka yi a kan yara 579 a Amurka da Kanada, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa cikin wata 14 maganin da likita ke bibiya da kyau ya fi horon ɗabi'a kaɗai rage alamomin, haɗa biyun kuma ya fi amfani a wasu fannoni kamar zamantakewa da iyaye. Sai dai da aka ci gaba da bin yaran shekaru bayan haka, tazarar ta ragu ƙwarai. Maganin ba ya warkarwa, yana aiki ne muddin ana shansa, kuma yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana ɗan ƙara bugun zuciya, don haka dole a riƙa auna nauyin yaro da tsawonsa da hawan jininsa.

TSAKANIN RASHI DA WUCE GONA DA IRI

Masu ɗari-ɗari da wannan magana suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A Amurka, alƙaluman hukuma na 2022 sun nuna cewa yara miliyan 7, fiye da kashi 11 cikin 100, an taɓa cewa suna da larurar, adadin da ya ninka ƙiyasin duniya. Wani bincike na 2018 ya gano cewa a jihohin da ake rufe ɗaukar ɗalibai ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, waɗanda su ne ƙanana a ajinsu, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan laƙabi. Watau ƙuruciya ce zalla aka mayar cuta a wasu lokuta. A makarantun da ɗan shekara shida ke zama benci ɗaya da ɗan shekara tara, wannan darasi ne babba. Har wa yau, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sanya metilfenidet cikin jerin magungunan dole a 2019 da 2021, bisa dalilin cewa hujjojin amfaninsa na dogon lokaci ba su gamsar ba, matakin da likitoci da yawa suka soka.

Ga kuma matsalar da ta fi kusa da gida. Metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara wa tsaro, saboda ana iya karkatar da shi. Ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wadda kuma sai da ta hana maganin tari mai kodin a wannan shekarar saboda yadda matasa suka mayar da shi abin sha, tana da dalilin tsoro. Dattawa ba su manta da zamanin ƙwayoyin a-ji-garau ba. Ɗaliban manyan makarantu da ke jin labarin ƙwayar karatu su ma ya kamata su sani cewa gwajin da aka buga a 2023 ya nuna cewa ga wanda ba shi da larurar, irin waɗannan magunguna suna ƙara masa wahala da ɓata lokaci a kan aiki mai wuya ba tare da kyautata sakamakon ba.

Amma kuskure ne a ɗauki ciwon Amurka a ce shi ne na Nijeriya. Can ana kukan yawan laƙabi, nan kuwa mafi yawan yaran ba za su taɓa ganin wanda zai duba su ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar ba su kai 300 ba bisa abin da ƙungiyarsu ta sha bayyanawa, ga jama'a fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne daga ciki. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga kuma sassan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Jos. Uban da ke ƙauye sai ya yi tunanin kuɗin mota, ya kuma yi tunanin abin da maƙwabta za su ce idan aka ji ya kai ɗansa asibitin mahaukata. Larurar kuma ba ta tsayawa a ƙuruciya ga kowa. Yawan motsin yakan lafa, amma mantuwa da jinkiri da kasa kammala aiki sukan bi mutum har ofis, inda takardar tuhuma ke maye gurbin bulala.

Idan aka auna duka, hanyar da ta fi dacewa da halin ƙasar ba ta fara da shigo da ƙwaya ba. Ta fara ne daga kwalejojin horon malamai. Ƙasar tana da Kwalejin Ilmi ta Musamman ta Tarayya a Oyo tun 1977, akwai sassan ilmin masu bukata ta musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, ga cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan. Ilmin yana nan, bai dai isa ga malamin aji uku ba, wanda shi ne ke tare da yaron awa biyar a rana. Dabarun zama gaban aji da yanyanka aiki ba su cin ko kwabo, kuma ba su cutar da yaron da aka yi kuskuren zato a kansa. Mataki na biyu shi ne ƙananan asibitoci. Tun 1991 manufar gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin jagora ga ma'aikatan da ba ƙwararru ba, wanda ya ƙunshi matsalolin ɗabi'ar yara. Ma'aikacin da aka horar zai iya duba kunne da ido da jini, ya tambayi barci da abinci, ya tura kaɗan ɗin da suka rage zuwa ga likita. Su waɗannan kaɗan ɗin ne ke bukatar a tanadar musu maganin ta kantin asibitin gwamnati, da rajista da sa hannun ƙwararre, domin kada tsoron masu shaye-shaye ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa.

Dokar 2023 ta Tarayya ce, amma makarantun firamare da ƙananan asibitoci suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka aikin yana kan teburin Hukumomin Ilmin Bai-ɗaya na jihohi da hukumomin kiwon lafiya matakin farko, waɗanda ke shirya wa malamai da ma'aikatan lafiya bita a lokacin hutu. Kwana biyu daga cikin irin wannan bita, da takarda mai shafi guda da malami zai cike ya ba uba ya kai asibiti, sun isa a fara da su a zangon karatu mai zuwa.